Ɗokin Amarya

Gidan Malam Sani yana cikin birnin Kano, a ɗaya daga cikin lungunan nan na bayan Kasuwar Kurmi da mota ba ta iya shiga. Gaban gidan bulo ne, an sake ginin shekarun baya har aka ɗora ɗaki ɗaya a saman zaure. Can ƙurya kuwa, inda sashen Hajiya, mahaifiyar Malam, yake, har yau ginin ƙasa ne na kakanni, katanga mai kaurin da ya kusa kamu biyu. Da bazara ɗakin sanyi ƙalau, da hunturu ɗumi. Hajiya ta riga ta faɗa, ba mai taɓa mata wannan ɗaki sai bayan ranta.

A kan tagar falon tsakiya, wadda ke kallon tsakar gida, akwai wata baƙar rauta mai ƙaho biyu. Shekararta shida a wurin, ƙura ta zauna mata a ka, ba mai kula ta sai ranar da data ta ƙare. Mutum bakwai ne a gidan, amma masu sha daga wannan rauta sun haura goma sha biyu: wayoyin manya da na yara, talabijin, kwamfutar Ummi 'yar Malam, firintar da Malam yake buga takardun Islamiyyarsa, da kamarar da aka kafa a ƙofar gida tun bayan da aka sace babur a zaure. Sai kuma wayar Hajiya, wadda surukinta ya kawo mata tsaraba a 2017. Gilashin ya tsage a kusurwa, an ɗaure murfin da roba, kuma aikinta ɗaya ne tak a duniya. Duk Juma'a bayan la'asar Goggo Rabi, autar Hajiya da ke aure a Zangon Kumasi, takan kira ta WhatsApp su ga juna. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, shi ya sa Hajiya kan idar da sallarta ta zauna jira, wayar a kan cinya, carbi a hannu.

Mubarak ne ɗan farin gidan, wanda mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa sai dai ta ce "yayanku". Ya gama bautar ƙasa, Allah ya sa ya sami aiki. Da albashin farko ya shigo, ya yi abin da ya dace: ya kai wa Malam nasa, ya kai wa Umma nata, ya sayo wa Hajiya goro da turare. Da sauran kuɗin ya shigo gida ranar Alhamis da yamma rungume da kwali. Cikinsa sabuwar rauta ce, fara sol, doguwa kamar filas ɗin shayi, ba ƙaho ko ɗaya, an rubuta 5G a goshinta.

Hajiya ta leƙo daga kan tabarmarta ta ce, "Maigidan, wannan kuma amarya ka yi mini ba sanarwa?"

"Amarya ce kuwa, tsohuwa," in ji shi yana dariya. "Daga yau kin daina ganin Goggo tana daskarewa a waya kamar hoton bango."

Kada a zalunci yaron: niyyarsa kyakkyawa ce, kuma tsohuwar rautar ta gaji da gaske. In yara suka kunna talabijin, kowa sai ya haƙura. Sai dai ɗoki ba ya barin mutum ya ƙirga. Bayan magariba ya zare baƙar daga soket, ya naɗe wayarta ya jefa ta a leda. Ya zagaya gidan da farar yana neman inda sabis ɗin 5G ya fi ƙarfi, ya same shi a tagar ɗakinsa, saman zaure, wuri mafi nisa daga sashen Hajiya a duk faɗin gidan. Nan ya girke ta. Ya shiga shafin saitinta daga wayarsa, ya ga zango biyu, ɗaya an rubuta 2.4, ɗaya 5. Ya ce a ransa, mai 5G me zai yi da 2.4? Ya kashe shi. Ya zo wurin tsaro ya ga WPA2 da WPA3, ya zaɓi mai lamba babba shi kaɗai. Ya sauya sunan waifan gidan, ya sa sabuwar kalmar sirri mai tsawon gaske. Da ya gwada gudun a wayarsa, sai da ya yi kabbara. Ya ɗauki hoton lambar ya tura wa abokai, ya kwanta cike da jin ya fitar da gidansu kunya.

Da safiyar Juma'a Malam ne ya fara sallama a ƙofar ɗakin. Asabar ɗalibai za su fara jarrabawa, firinta kuma ta ƙi amsawa. Mubarak ya sauko ya danna nan ya danna can, firinta ba ta ma ga sunan sabon waifan ba, balle ta nemi kalmar sirri.

"Baba, ai firintar nan ta tsufa. Sabuwa za a saya."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Jiya da la'asar ba ta tsufa ba, sai da daddare?" Bai ƙara ba. Ya kwashi takardunsa a filashi ya tafi shagon buga takardu na bakin titi, ya biya kuɗin shafi ɗari da wani abu daga aljihunsa.

Kamarar ƙofar gida ma ta makance, amma ba wanda ya lura sai dare. Ummi ta shigar da sabuwar kalmar sirri a wayarta, abu ya yi kyau a zaure da falo, tana taka ƙofar kicin ya ɗauke. Mubarak ya ce zai duba in ya dawo. Ya yi wanka ya tafi masallaci, daga can ya wuce ɗaurin auren aboki, daga ɗaurin aure aka zarce walima.

Ba wanda ya tuna da wayar Hajiya, har ita Hajiyar, domin ba ta san akwai abin tunawa ba. Ita dai ta san in an yi la'asar waya takan yi ƙara. Ranar kuwa ba kamar sauran Juma'o'i ba ce: jikarta a Kumasi ta haihu, ranar ce suna, kuma Goggo Rabi ta yi alkawarin nuna mata jaririyar da aka mayar wa sunanta. Hajiya ta sa sabon mayafi, ta shafa turaren da Mubarak ya kawo, kamar ƙamshi zai bi waya ya isa Gana. Ta zauna. La'asar ta yi sanyi, inuwa ta cinye tsakar gida, aka kira magariba. Umma ta wuce ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, hidimar suna ce ta sha musu kai, ai taro ba ya barin mutum ya tuna da na nesa. Ta ninke mayafin ta mayar cikin akwati.

Sai bayan isha'i wayar Malam ta yi ƙara, kiran layi na kai tsaye daga Gana, mai cin kuɗi. Goggo Rabi ce, muryarta na rawa. "Yaya, lafiya Hajiya take? Sau bakwai ina kira ba ya shiga. Ku faɗa mini gaskiya." Da ƙyar Malam ya kwantar mata da hankali, ya kai wa Hajiya wayar suka gaisa murya kawai. Baƙi sun watse, jaririya ta yi barci.

Da Mubarak ya dawo, Ummi ce ta tare shi a zaure ta gaya masa. Ya shiga ɗakin Hajiya ya durƙusa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Haka kuke, maza. In amarya ta shigo, uwargida ko sallama ba ta samu."

Asabar da hantsi ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre, wayar Hajiya a aljihu, tsohuwar rauta a leda. Shirinsa ya sayar da rautar ko nawa ne, ya cika da abin da ya rage masa, ya saya wa Hajiya sabuwar waya. Wani abokinsa ya nuna masa rumfar wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Rediyo, domin gyaran rediyo ya fara yi a Sabon Gari tun kafin a san wayar hannu, zamani ya juya shi ma ya juya da shi.

Dattijon ya saurari labarin har ƙarshe, yana jujjuya wayar Hajiya a hannu. Ya kunna waifan rumfarsa, ya shigar da kalmar sirri, nan take saƙonnin Kumasi suka fara shigowa, kira bakwai da aka rasa da hotuna goma sha.

"Wayar lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ɗana, kafin ka sauya rautar, su wa da wa ka ƙirga a gidan?"

"Mu bakwai ne, Baba."

"Ba mutane nake tambaya ba."

Mubarak ya yi shiru. Dattijon ya miƙa hannu bayansa ya sauko da wata tsohuwar rediyo mai rigar fata. Ya nuna masa allonta. "Karanta. Gajeren zango, matsakaicin zango. Ka ga FM? Babu. Wannan rediyon ta kamo London, ta kamo Jamus, ta kamo Kaduna shekara da shekaru. Amma ko a gindin eriyar Freedom Radio ka ajiye ta ba za ta ji komai ba. Ba ta lalace ba, kunnen jin wannan zangon ne ba a yi mata ba. Wayar kakarka haka take. Zangon 2.4 kaɗai ta sani. Firintar babanka haka, kamararku haka, yawancin ƙananan kayan nan masu araha haka ake yin su har gobe. Kai kuma ka rufe tashar da suke kamawa, ka ce sun kurmance."

"To ai na ga 5G ne a jikin kwalin, na ɗauka 5 ɗin shi ne nata."

Baba Mai Rediyo ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce a wannan ramin rabin kasuwar nan suke faɗawa. Kuma gaskiyarsa, domin ni ma mai ba ku labarin na daɗe ina haɗa su. Abu biyu ne da suka yi tarayya a lamba kawai. 5G na jikin kwali yana nufin ƙarni na biyar na sadarwar wayar hannu, wato hanyar da ke tsakanin dogon ƙarfen kamfani da rautar. A Najeriya hukumar NCC ta yi gwanjon zangonsa a Disambar 2021, aka fara amfani da shi a 2022, kuma zangon da aka sayar ɗin ma na gigahaz 3.5 ne. Shi kuwa 5 na cikin saiti gigahaz 5 ne, hanyar da ke tsakanin rautar da kayan cikin gida, wadda ta girmi 5G da shekaru masu yawa. Ɗaya bututun da ya kawo ruwa daga titi ne, ɗaya kuma famfunan cikin gida. Ko ta wane famfo ka tara, ruwan dai na bututun nan ne. Wayar Hajiya za ta sha daga 5G sarai, in dai an bar mata famfon 2.4 a buɗe.

Dattijon ya ci gaba. Zangon 5 ya fi gudu, ya fi sarari, maƙwabta ba su cika cunkushe shi ba, amma ba shi da juriyar ratsa bango. Na 2.4 ya fi jinkiri, ga cunkoso, amma ya fi nisa, ya fi shiga lungu. Da ya ji cewa ɗakin Hajiya ginin ƙasa ne kuma rautar tana saman zaure, sai ya girgiza kai. "Ko wayar miliyan ka saya mata, a ɗakin nan ba za ta ga 5 ba. Da ka yi asarar kuɗinka, ranar Juma'a kuma ta sake zaman jira."

Sai maganar makulli. WPA2 tun 2004 ake amfani da shi, WPA3 kuwa sai 2018 ya fito, kuma wayoyin Android ba su fara gane shi ba sai daga Android 10, a 2019. Wayar Hajiya da aka saya a 2017 ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ko da Mubarak ya bar zangon 2.4 a buɗe, muddin WPA3 kaɗai ya zaɓa, wayar za ta ga ƙofa amma makullinta ba zai shiga ba. Ƙofa biyu ya rufe mata ke nan a dare ɗaya.

"Abin da nake so ka gane," in ji Baba Mai Rediyo, "waɗanda suka ƙera amaryar nan taka sun yi mata tarbiyya. Waifai 6 ce, ta 2019, amma sun koya mata yaren waɗanda suka riga ta, har na 2009 da na gabansa, don ta shiga kowane gida ta gaida manya. Kai ne ka ce kada ta yi magana da kowa sai sa'anninta."

Mubarak ya ciro leda ya ce to ko nawa ne a sayi tsohuwar. Dattijon ya leƙa, ya duba bayanta ya ga ramukan kebul, ya tura masa abarsa. "Ba na saya. Da tsohuwar zuma ake magani. Mayar da ita gida, aikinta bai ƙare ba." Maimakon waya, kebul ɗin intanet mai tsawon mita talatin ya sayar masa, ya ce irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da ya gaza ba. Ya juya bayan wani kwali ya rubuta masa abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma tambaye shi labarin ƙaramin batirin da ke riƙe rauta in an ɗauke wuta. Mubarak ya ce tun jiya in wuta ta tafi sai farar ta riƙa mutuwa tana tashi. Dattijon ya ce ya karanta rubutun jikin cajar kowacce: bakin zai iya zama iri ɗaya, bolt 12 ɗin ma iri ɗaya, amma sabuwar ta fi tsohuwar ci, batirin da ya ƙosar da waccan ba zai ƙosar da wannan ba. A bar wa tsohuwar batirinta, a nemo wa sabuwar daidai cikinta.

Da azahar ya dawo gida ya zauna da kwalin a gabansa. Ya kunna zangon 2.4, ya raba shi da na 5, kowanne da sunansa. Na 5 ya bar masa sabon suna da WPA3, don sababbin wayoyi. Akwai zaɓin haɗa makullan biyu a ƙofa ɗaya, amma dattijon ya gargaɗe shi cewa wasu tsofaffin kaya kan yi gardama da wannan haɗin, don haka na 2.4 ya sa masa WPA2 zalla. Sannan ya yi abin da ya fi komai sauƙi, wanda da ya yi shi tun daren Alhamis da ba a kai ga haka ba: ya mayar wa 2.4 tsohon sunan waifan gidan da tsohuwar kalmar sirri, harafi da harafi, babba da ƙarami. Bai taɓa firinta ba, bai hau tsani wurin kamara ba. Yana zaune ya ji firinta ta yi tari a ɗakin Malam, ta fara fitar da takardun jarrabawar da aka tura mata tun jiya, waɗanda ɗalibai sun riga sun rubuta da safe. Su kayan ba su san an yi sabuwar rauta ba. Sun ji sunan da suka sani, suka amsa.

Saura ɗakin Hajiya. Ya zare layin da ke cikin baƙar rautar, ya shiga saitinta ya ba ta adireshin da bai yi karo da na farar ba, ya kashe mata aikin raba wa kaya adireshi, domin dattijon ya ce liman biyu ba sa jan sallah ɗaya. Ya sa ta a tasha ta 11, farar a tasha ta 1, kada su riƙa shiga bakin juna. Shi da ƙaninsa suka ja kebul daga saman zaure, suka bi da shi ta kan katanga, suka ratsa tsakar gida ta ƙarƙashin rumfa, har cikin ɗakin Hajiya. Aka kafa ƙusa, aka rataye baƙar kusa da agogon bango. Hajiya ta sa tsumma ta goge mata ƙurar shekara shida.

Malam da ya ga gyara ya kankama, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata kwamfutar cinya mai nauyin turmi, tun ta zamanin yana hedimasta. Ya ce tunda yau ranar tsofaffi ce, ga wannan, ba ta taɓa hawa waifan gidan ba. Mubarak, wanda yanzu tausayin tsofaffin kaya ya kama shi fiye da kima, ya bincika ya gano WEP kaɗai ta sani, ya kuma ga baƙar rautar tana da wannan zaɓin. Har ya kai yatsa, sai ya ce bari ya kira Farm Centre.

"Kul!" in ji Baba Mai Rediyo, har Malam yana jiyo shi. "Tun 2001 masana suka nuna makullin nan na banza ne. Yaron da ya iya zai buɗe shi kafin shayi ya huce, ya shanye muku data, ya leƙa abin da kuke yi. Na ce ka buɗe wa tsoho ƙofa, ban ce ka cire ƙyauren gidan ba. Tana da ramin kebul? To ja mata kebul, ta zauna wuri ɗaya." Ya ƙara da cewa ita ma baƙar ba ta har abada ba ce, tunda masu ita sun daina aiko mata da gyaran tsaro. A sauya mata kalmar shiga saiti daga wadda ta zo da ita, a kuma sa a rai wata rana za a canje ta, amma ranar a fara ƙirga mutanen gida.

Daren nan Mubarak ya yagi takarda daga littafin Ummi ya bi gidan ɗaki ɗaki. Ya rubuta kowane abu da ke hawa waifai, da zangon da yake ji, da makullin da ya sani. Goma sha huɗu ya samu, har da wata tsohuwar wayar Umma da ya manta tana raye. Ya manna takardar a bangon da ke bayan farar rautar.

Juma'ar da ta zagayo bai je ko'ina ba bayan masallaci. Ya zauna a bakin ƙofar Hajiya yana duba agogo, gabansa na faɗuwa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Hajiya ta fito da mayafin nan ta yafa. Biyar saura kwata wayar ta yi ƙara. Fuskar Goggo Rabi ta cika gilashin da ya tsage, sannan aka matso da wata 'yar fuska cikin zanin goyo, ido a rufe, hannu a dunƙule.

Hajiya ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Masha Allah, takwara. Hancin gidanmu ne." Goggo ta tambaya me ya sami wayar makon jiya, ko sai an aiko da wata.

"Wayata ƙalau take, kada ki wahalar da kanki. Maigidan nawa ne ya yi amarya ya rasa hankalinsa kwana biyu. Yanzu an raba kwana, uwargida ma ga ta nan a ɗakina." Ta ɗaga kai ta harari Mubarak. "Kai kuma tashi ka ba mu wuri, maganar mata za mu yi. Ka turo mini Ummi da goro."